Afuwar Gowon: Abin da ta ɗinke da abin da ta binne

Ranar 15 ga Janairun 1970, a barikin Dodan da ke Legas, Philip Effiong ya tsaya gaban Janar Yakubu Gowon ya karanta takardar da ke cewa daga wannan rana Biyafara ta daina wanzuwa, shi da mutanensa sun koma 'yan Najeriya. Kwanaki kaɗan kafin nan Chukwuemeka Odumegwu Ojukwu ya hau jirgi a filin Uli ya fice zuwa Kwaddibuwa, ya bar wa mataimakin nasa rigar ƙaya. Da Effiong ya gama karatu, Gowon ya rungume shi. A jawabinsa ga 'yan ƙasa ya ce a wannan yaƙi na 'yan'uwa babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka ci. Yana da shekara 35 a duniya.

Shekara 55 bayan haka, ranar 20 ga Nuwamban 2025, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke wa Nnamdi Kanu, jagoran ƙungiyar IPOB, hukuncin ɗaurin rai da rai bisa laifukan ta'addanci, aka kai shi gidan yarin Sakkwato. Kanu yana ɗan shekara biyu da 'yan watanni aka gama yaƙin da yake fafutukar farfaɗo da manufarsa. Mafi yawan matasan da ke ɗaga tutar fitowar rana a Aba da Onitsha ko iyayensu ma ba su mallaki hankalin kansu ba a lokacin. To ta yaya sulhun da duniya ta yaba, har jaridun Turai da Amurka suka riƙa kwatanta mai shi da Abraham Lincoln, ya haifi jikokin da ba su yarda an yi sulhu ba?

Sai an fara ba Gowon haƙƙinsa, domin ba ƙaramin abu ya yi ba. A farkon 1970 mutane da yawa a waje sun sa ido su ga kisan kiyashi. Farfagandar Biyafara ta shafe wata talatin tana gaya wa 'yan ƙabilar Ibo cewa miƙa wuya daidai yake da miƙa wuya ga wuƙa, kuma suna da dalilin gaskata ta. An samu sojojin da suka yi kwasar ganima da cin zarafin mata a makonnin farko, amma kisan da aka yi hasashe bai faru ba. Ba a kafa kotun hukunta shugabannin tawaye ba, ba a rataye kowa ba. Gowon ya hana a ba da lambar yabo ga duk sojan da ya yi yaƙin, bisa hujjar cewa ba a yi wa mutum ado don ya harbi ɗan'uwansa. Ma'aikatan gwamnatin tarayya da suka gudu gabas aka ce su koma bakin aikinsu. Jami'an soja kuwa aka sa kwamiti ƙarƙashin Adeyinka Adebayo ya tantance su: wasu aka mayar da su, wasu aka sallame su, waɗanda ke da hannu a juyin mulkin Janairun 1966 da mamayar jihar Tsakiyar Yamma aka tsare su har zuwa 1974. Cikin waɗanda aka mayar akwai Ebitu Ukiwe, wanda ya yi wa Biyafara yaƙi a rundunar ruwa, ya kuma zama mutum na biyu a gwamnatin Babangida a 1985.

Wanda ya san yadda yaƙe-yaƙen basasa ke ƙarewa zai gane nauyin wannan. A Sifaniya, Janar Franco ya ci yaƙi a 1939 ya ci gaba da harbe waɗanda ya kayar har shekaru. Gowon kuwa, da yake ɗan mai wa'azin bishara ne da ya tashi a Wusasa ya yi karatu a Barewa, ya kalli al'amarin irin kallon da Bahaushe ke yi in ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Tun farko ma sai da ya daɗe yana kiran yaƙin da “aikin 'yan sanda”, ya raba wa dakarunsa takardar ƙa'idojin yaƙi, ya naɗa wani malamin Jami'ar Ibadan ɗan asalin Onitsha, Ukpabi Asika, ya shugabanci jihar Gabas ta Tsakiya tun 1967 ana tsakiyar ɓarin wuta. Shekara tara da gama yaƙi Alex Ekwueme ya zama mataimakin Shugaba Shehu Shagari, Edwin Ume-Ezeoke ya zama kakakin Majalisar Wakilai. Shagarin nan kuwa shi ne kwamishinan da Gowon ya ɗora wa aikin sake gina yankunan da yaƙi ya ɗaiɗaita a 1970, shi ne kuma ya yi wa Ojukwu afuwa a 1982, ya dawo gida ya shiga jam'iyyar NPN.

Duk wannan gaskiya ne. Sai dai idan aka lura, kusan dukkan nasarorin Gowon suna cikin abin da ya ƙi yi ne. Ya ƙi kisa, ya ƙi shari'a, ya ƙi bikin nasara. Irin wannan aiki umarnin mutum ɗaya ya ishe shi, musamman a mulkin soja. Da aka zo kan abin da ke buƙatar kuɗi da takardu da sauraron koke, sai al'amarin ya kuɓuce daga hannunsa ya faɗa hannun ma'aikatu da gwamnonin jihohi, kowa da nasa lissafin.

Fam ashirin da gidajen Fatakwal

Duk Ibon da za ka zauna da shi a yi maganar bayan yaƙi, kafin a yi nisa zai ambaci fam ashirin. A Janairun 1968 gwamnatin tarayya, lokacin Obafemi Awolowo na kwamishinan kuɗi, ta canja takardun kuɗin Najeriya don karya asusun 'yan tawaye, Biyafara ita ma ta buga nata. Da aka gama yaƙi sai aka yi dokar cewa wanda ya kawo kuɗin Biyafara, ko ya yi hulɗa da asusunsa na banki a gabas lokacin yaƙin, za a ba shi fam ashirin komai yawan abin da yake da shi. Masu kare matakin suna da hujja: kuɗin Biyafara ba halastacce ba ne, an buga shi ba lissafi, an fasa rassan Babban Banki an kwashe takardun kuɗi, littattafan bankuna da dama sun ƙone. Hujja ce ta masanin tattalin arziki. Amma ga ɗan kasuwar da ya tara dukiya shekara ashirin ya fito daga daji da 'ya'ya masu kumburarren ciki, abin da ya gani shi ne an daidaita shi da almajiri. Shekara biyu bayan haka, a 1972, aka yi dokar mayar da kamfanonin Turawa hannun 'yan ƙasa. Masu kuɗi a hannu da masu hanya a bankuna suka sayi hannun jari, mutanen gabas na kallo. Ko an yi hakan da gangan ko dacewa aka yi, sakamakon ɗaya ne, kuma shi mutane ke tunawa.

Batun gidaje ya fi wannan ciwo, kuma akwai abin lura a cikinsa ga mai karatu ɗan Arewa. A Kano da Kaduna da Jos da sauran garuruwan da aka zubar da jinin Ibo a 1966, da yawan waɗanda suka dawo sun tarar da gidajensu, wasu har da kuɗin hayar da aka tara musu. Sabon Garin Kano ya sake cika cikin 'yan shekaru. A Fatakwal kuwa, garin da ke cikin tsohon yankin Gabas, gwamnatin jihar Ribas ta Alfred Diete-Spiff ta kira gidajen Ibo “dukiyar da aka yi watsi da ita”, aka raba wa 'yan jihar. Mutanen Ribas suna da nasu ƙorafin, na danniyar da suka ce sun sha kafin yaƙi da lokacinsa, kuma Gowon na buƙatarsu, domin ƙirƙiro musu jiha da ya yi ranar 27 ga Mayun 1967, kwana uku kafin ayyana Biyafara, shi ne ya zare wa Ojukwu man fetur da gaɓar teku. Bai iya tursasa su ba, ko bai so ba. Bayan an kifar da shi a 1975 aka sa kwamiti ƙarƙashin David Mark, yana manjo a lokacin, aka sayar da da yawan gidajen, aka kuma yi dokar da ta toshe ƙofar kotu a 1979. Ɗan ƙasa ya “yi watsi” da gidansa a cikin ƙasar da aka yi yaƙi don tabbatar masa cewa tasa ce.

An yi gine-gine, ba a musu. An gyara gadar Neja, an sake buɗe Jami'ar Nsukka, kuɗin mai ya fara kwarara bayan 1973. A shekarar ne kuma aka kafa shirin yi wa ƙasa hidima, wanda ya kai ɗan Owerri koyarwa a Daura, ya kai 'yar Gusau asibitin Umuahia, aka kuma yawaita makarantun haɗin kai na tarayya. Amma yawancin ginin da aka yi a gabas ƙungiyoyin gari da 'yan kasuwa da tsarin koyon sana'a ne suka yi shi, abin da ya sa har yau Ibo ke cewa da hannunsu suka tashi. A rundunar sojan ƙasa kuwa sai 2010, shekara arba'in cif, aka naɗa Ibo na farko babban hafsa bayan yaƙi, wato Azubuike Ihejirika.

Sulhun da ba a bi ba'asi ba

A ƙasar Hausa idan rigima ta kai ga jini aka zauna gaban dattawa, ba a farawa da “a yafe”. Sai an bi ba'asi. Kowane ɓangare ya faɗi abin da aka yi masa, mai laifi ya amsa laifinsa a gaban jama'a, a ambaci diyya ko da za a yafe ta, sannan a juya ga wanda aka zalunta a roƙe shi. Yafiya haƙƙin wanda aka cuta ce, ba ta mai sarauta ba. A 1970 an tsallake duk waɗannan matakai. Gwamnati ta yafe wa waɗanda suka yi mata tawaye, wannan kuwa tana da ikonsa. Amma jinin da ke tsakanin jama'a ba nata ba ne balle ta yafe shi, kuma ba a tambayi masu shi ba.

Jinin kuwa yana da yawa, ta kowace fuska. Ranar 15 ga Janairun 1966 aka kashe Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Samuel Akintola da Festus Okotie-Eboh, da manyan sojoji irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Mohammed. Ba a taɓa gurfanar da waɗanda suka yi wannan gaban kotu ba. Ranar 29 ga Yuli sojojin Arewa suka rama, aka kashe Janar Aguiyi-Ironsi da mai masaukinsa Adekunle Fajuyi da jami'an gabas masu yawa. A watan Mayu, sannan a Satumba da Oktoba, aka bi fararen hula 'yan gabas gida-gida a garuruwan Arewa, aka kashe dubbai, fiye da miliyan ɗaya suka tsere. An kashe 'yan Arewa mazauna gabas su ma. A Oktoban 1967 sojojin runduna ta biyu, wadda Murtala Muhammed ke jagoranta, suka tara maza a Asaba suka buɗe musu wuta, ɗaruruwa suka mutu. Dakarun Biyafara sun yi nasu ta'asar a Tsakiyar Yamma da yankunan ƙananan ƙabilu. Sama da duka akwai yunwar da toshe hanyoyin abinci ya haifar, wadda ta fi harsashi kisa. Ƙiyasin masana tarihi kan mamatan yaƙin ya tashi daga rabin miliyan zuwa miliyan biyu ko fiye, kuma wannan tazarar kanta shaida ce: ƙasar ba ta taɓa zama ta ƙirga gawarwakinta ba.

Akwai abin da ba mu cika gaya wa kanmu ba a Arewa. Kalmar da aka riƙa rerawa a titunan Kano da Zariya a 1966 ita ce “araba”, wato a raba ƙasar. Sojojin da suka yi juyin mulkin Yuli da niyyar ɓallewa suka fito, sai da manyan ma'aikatan gwamnati da jakadun Ingila da Amurka suka lallashe su. Gowon da kansa a jawabinsa na farko, ranar 1 ga Agustan 1966, ya ce tubalin haɗin kan ya lalace. Mu ne muka fara kiran a raba, shekara guda kafin mu ɗauki bindiga don hana rabuwa. Matashin da ke zagin IPOB a Facebook yau zai yi wuya ya san wannan, kamar yadda takwaransa na Enugu zai yi wuya ya san sunan Maimalari, ko ya san cewa Ojukwu a Zungeru aka haife shi, yana jin Hausa, shi ne kwamandan bataliya ta biyar a Kano ranar da aka kashe Sardauna, kuma bai bi 'yan juyin mulkin ba.

Me ya sa Gowon ya zaɓi shiru? Akwai amsar kirki, akwai kuma ta siyasa, kuma ina ganin duka biyun gaskiya ne. Ta kirki ita ce ya ji tsoron tone-tone zai sake tayar da wutar da aka kashe da ƙyar. Ta siyasa ita ce duk binciken da zai fara daga Janairun 1966 dole ya bi ta Yuli ya wuce Asaba, kuma mutanen da za a kira su amsa tambaya su ne ke riƙe da rundunonin da gwamnatinsa ke zaune a kansu. Afuwar da ta rufe Effiong ita ce ta rufe su. Biyar daga cikin waɗanda suka yi yaƙin a ɓangaren tarayya, Murtala da Obasanjo da Buhari da Babangida da Abacha, sun mulki ƙasar daga baya, Abdulsalami na shida. Ba a sa ran mutum ya buɗe kundin da sunansa ke ciki.

Dama ta zo a 1999, da Obasanjo ya kafa kwamitin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa don binciken take haƙƙin ɗan Adam tun daga 1966. Ƙungiyar Ohanaeze ta kai ƙorafi, ƙungiyar tuntuɓa ta Arewa ta mayar da martani, aka yi ta musayar zafafan kalamai ana nunawa a talabijin. Karo na farko ke nan da aka yi wani abu mai kama da bin ba'asi. Kwamitin ya miƙa rahotonsa a 2002, tsofaffin shugabannin soja suka garzaya kotu, gwamnati ta fake da hukuncin Kotun Ƙoli ta ƙi fitar da shi a hukumance. Ƙungiyoyin farar hula ne suka sa shi a intanet daga baya. Bayan 'yan shekaru kuma aka cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, aka yi kusan shekara goma ba a koyar da shi. Gurbin da makaranta ta bari shi Rediyon Biyafara ya cika, da labari mai gefe ɗaya, mai daɗin ji ga wanda ba shi da aikin yi.

Wannan ba wanke IPOB ba ne. Dokar zaman gida ta ranar Litinin da aka fara a Agustan 2021 ta fi cutar da Ibo fiye da kowa: an kashe masu fita neman abinci, an hana yara jarrabawa, an ƙona ofisoshin 'yan sanda da na hukumar zaɓe. An kashe Ahmed Gulak a Owerri ranar 30 ga Mayun 2021, an kashe 'yan Arewa masu ƙananan sana'o'i da direbobin manyan motoci. Kuma miliyoyin Ibo da ke da shaguna a Kano da gidaje a Abuja sun riga sun kaɗa ƙuri'arsu da ƙafafunsu. Amma a tuna cewa a Yunin 2017 wasu gamayyar ƙungiyoyin matasan Arewa sun tsaya a Kaduna sun ba Ibo wa'adin 1 ga Oktoba su bar yankin, kafin a matsa musu su janye. Harshen 1966 ne ya dawo a bakin waɗanda ba su ga 1966 ba. Tsugune ba ta ƙare ba ta kowane ɓangare.

Abin da aka riƙa yi tun daga nan shi ne biyan bashin da kaɗan-kaɗan, a makare, ba tare da an kira shi bashi ba. A 2000 Obasanjo ya mayar da korar sojojin Biyafara ritaya. Gowon ya je Asaba ya nemi gafara bayan fiye da shekara talatin, a matsayinsa na tsohon shugaba mai jagorantar ƙungiyar addu'a, lokacin da ba shi da ikon ba da umarnin komai. An binne Ojukwu a 2012 da cikakkiyar karramawar soja. A 2017 gwamnatin Buhari ta fara biyan fansho ga 'yan sandan da suka yi aiki a Biyafara, waɗanda suka rage. A 2024 Tinubu ya sa hannu kan dokar hukumar raya Kudu maso Gabas, yankin da har yau yake da jihohi biyar, sauran na da shida, Arewa maso Yamma na da bakwai. Duk lokacin da Ibo ya tayar da ɗaya daga cikin waɗannan batutuwa sai a ce yana neman raba ƙasa, alhali gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Salon kuma ya zama gado. Duk sulhun da gwamnatocin Najeriya suka yi tun daga nan da ƙirar 1970 aka ƙera shi: shugaba ya sanar da afuwa, a ɗauki hoto, a wuce. Haka aka yi da tsagerun Neja Dalta a 2009, haka ake yi da tubabbun Boko Haram a sansanin Malam Sidi da ke Gwambe, haka Masari ya gwada da 'yan bindiga a Katsina a 2016 da 2019 kafin ya ce ya daina, haka Matawalle ya yi a Zamfara. A kowanne, wanda ya riƙe bindiga shi ake zama da shi. Matar da aka kashe wa miji a Batsari ko Baga labari take ji a rediyo cewa an yafe. Gowon ma ya fi su hujja, domin shi sai da yaƙi ya ƙare aka ajiye makamai sannan ya yi afuwa.

Abin da ya rage a hannu bai fi shaidu ba, su ma suna ƙarewa. Effiong ya rasu a 2003, Asika a 2004, Ojukwu a 2011, Ekwueme a 2017, Shagari a 2018, Buhari a 2025. Da Babangida ya fitar da littafin tarihin rayuwarsa a Fabrairun 2025 ya ce juyin mulkin Janairu ba na ƙabilar Ibo ba ne, ƙasar ta yi makonni tana cacar baki a kan 'yan shafuka, abin da ke nuna irin ƙishirwar da ake da ita. Gwamnati na iya fitar da rahoton Oputa a hukumance gobe, ba sai an gyara tsarin mulki ba. Jami'o'in Zariya da Kano da Nsukka na iya haɗa ɗalibansu su bi ƙauyuka da na'urar ɗaukar murya, su zauna da tsofaffin da suka ɓoye maƙwabtansu Ibo a ɗakunan matansu a 1966, da waɗanda suka ga abin da aka yi a tashar jirgin ƙasa da filin jirgin saman Kano, da matan Asaba, da kuratan da aka kwasa daga kasuwannin Arewa aka kai fagen daga bayan horon 'yan makonni. Gowon ya cika shekara 91 a Oktoban 2025. Yaron da aka ɗauka soja a 1967 yana ɗan shekara 18, yanzu ya haura 75.